Kotun Duniya: doka ce ko kashin dankali?

Baffa: Salamu alaikum. Tun jiya nake ganin kuna ta maganar Kotun Duniya mai shari'a tsakanin ƙasashe, wai za ta hana wannan, za ta hukunta wancan. Ni dai na ce babu wata doka a tsakanin ƙasashe, kashin dankali ne kawai, babba ya danne ƙarami. Ganau ne ni, ba jiyau ba. Shekaru na yi ina sayen banda a Darak cikin tafkin Chadi. Haraji Najeriya muke biya, 'yan sanda na Najeriya, makaranta ta Najeriya. Sai wasu alƙalai a birnin Hague, waɗanda ba su taɓa hawa kwalekwale a tafkin ba, suka ce wurin na Kamaru ne. Ƙarshen 2003 jami'anmu suka tattara suka tafi, aka bar mutane da jarinsu a hannun jandarmomi.

Barista: Wa alaikumus salam, Baffa, Allah ya ƙara girma. Na san abin ya taɓa ka, amma wannan labarin naka shi ne hujjata. Tsakanin Najeriya da Kamaru wa ya fi yawan jama'a da sojoji da kuɗi? Kamaru ce ta kai ƙara a 1994 a kan yankin Bakassi da na tafkin, kotu ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006 a gaban Kofi Annan, aka kammala miƙa wa Kamaru Bakassi ranar 14 ga Agusta 2008, zamanin 'Yar'aduwa. Da kashin dankali ne, ai Najeriya ce a sama.

Baffa: 'Yata, da me suka ci mu? Ba da takardun Turawa ba? Na Bakassi yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, na tafki kuma takardun Ingila da Faransa. Waɗanda suka yanka ƙasarmu kamar nama, rubutunsu ne ya rinjayi mutanen da ke zaune a wurin.

Barista: Haka ne, kuma da ciwo. Najeriya ta kafa hujja da cewa ita ke gudanar da wuraren, kotu ta ce riƙon wuri ba ya kayar da takardar mallaka. Sai dai shugabannin Afirka da kansu suka amince a Alƙahira a 1964 cewa kowa ya tsaya a iyakar da ya gada ranar 'yancin kai. Sun san in aka buɗe wannan ƙofa, babu ƙasar da za ta kwana lafiya.

Kawu: Alhaji, bari in sa baki daga nan Gaya ta Nijar. Mu da Jamhuriyar Binin mun fi shekara 40 muna ja-in-ja a kan tsibirin Lete a kogin Kwara, manoma da makiyaya har da asarar rayuka. A 2005 kotun nan ta ba Nijar Lete, ta ba Binin wasu tsibiran, maganar ta mutu. Kuma ka tuna zirin Awuzu. Chadi da Libiya sun zubar da jini a kansa, amma da kotu ta ce na Chadi ne a watan Fabrairun 1994, kafin ƙarshen Mayu Gaddafi ya kwashe sojojinsa. Gaddafi fa!

Auta: Kawu, duk misalan nan ƙasashen Afirka ne. Yaya, ki faɗa musu na Nikaraguwa. A 1986 kotun ta ce Amurka ta karya doka da ta ba 'yan tawayen Kontra makamai, ta kuma dasa nakiyoyi a tashoshin jiragen ruwan ƙasar. Amurka ta riga ta fice daga zaman shari'ar, ba ta biya diyya ba. Da aka kai maganar Kwamitin Sulhu, ta hau kujerar naƙi.

Barista: Ba ni da abin kare wannan, Auta. Sashe na 94 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce in wata ƙasa ta ƙi bin hukunci a kai kuka Kwamitin Sulhu, alhali ƙasashe biyar kowacce na iya toshe shi ita kaɗai. A nan maganar Baffa ta tsaya da ƙafarta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce don wasu biyar sun fi ƙarfin sanda, sauran duk babu doka.

Goggo: Yaya, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na riƙe labarin Hadijatu Mani ta wajen Ƙonni. Tana shekara 12 aka sayar da ita wahaya, wato baiwar da ake riƙewa a matsayin ƙwarƙwara. Kotunan gida suka yi ta juya ta, har kurkuku ta shiga don ta auri wanda take so. Kotun ECOWAS ce a 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta biya ta sefa miliyan 10. Wannan ba babba ba ce, ba ta da soja ko ɗaya.

Baffa: Allah ya saka wa wannan baiwar Allah. Na ji, kuma na Gaddafi ban san shi haka ba. Amma 'yata, a cikin hukuncin nan kaf, an ambaci mu mutanen Darak kuwa?

Barista: An ambata, Baffa. Kotu ta rubuta alkawarin da Kamaru ta ɗauka a gabanta cewa za ta ci gaba da kare 'yan Najeriya mazauna Bakassi da yankin tafkin Chadi.

Baffa: To in aka saɓa, wa zai koma Hague? Mai kifi?

Barista: A'a, gwamnati kaɗai. Waccan kotun ba ta karɓar ƙarar mutum, sai ta ƙasa.

Baffa: To ki fassara min wurin alkawarin da Hausa ki turo. Akwai mutanenmu da har yanzu suna can, ina so su ji shi.