Ta ina za mu fara da ɗaliban sakandare masu neman tallafin karatu a waje?

Malama Hadiza, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Muna da ɗalibai masu ƙoƙari a SS2 da SS3 da ke son karatun jami'a a ƙasar waje, amma iyayensu ba su da halin biya. Wane tallafi ne ɗan sakandare zai iya nema, kuma yaushe ake fara shiri? Masu sani a taimaka mana.

Malam Sani, Kawo:
Wa'alaikumus salam Malama. Kafin a yi maganar kowace ƙasa, a fara gyara takardu tun yaro yana SS2, don a nan aka fi faɗuwa. Sunan da ke kan NIN, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da rajistar WAEC ko NECO, da fasfo, dole su zama iri ɗaya harafi da harafi. Yaro Muhammad a nan, Mohammed a can, ko a sa sunan kaka a wata takarda a cire a wata, ko ranar haihuwa ta bambanta. Gyaran wannan bayan fitowar sakamako yana cin watanni, kafin a gama an rufe karɓar takardu. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da takardar amincewar iyaye zai samu fasfo.

Makaranta kuma ta tanadi cikakken sakamakon yaro daga SS1 zuwa SS3, da hatimi da sa hannun shugaba. Kada a ɓata lokaci kan Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, na masu digiri na biyu ne.

Hajiya Rabi, Unguwar Rimi:
Malama, ni a ganina Turkiyya ta fi dacewa da yawancin yaranmu. Tallafin gwamnatinsu, Türkiye Bursları, akan buɗe shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, ta intanet, kuma kyauta ake cikewa. Mai neman digirin farko ya kasance ƙasa da shekara 21, makinsa aƙalla kashi 70 cikin ɗari, idan likitanci ne ko haɗa magunguna kashi 90. Ɗan SS3 zai iya nema kafin ya gama. Suna biyan kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi da alawus na wata, amma sai an yi shekara guda ana koyon Turkanci. A gaya wa iyaye wannan tun da wuri.

Abin da ke kayar da yara shi ne wasiƙar bayyana manufa. Sai ka ga yara biyar sun kwafo rubutu ɗaya daga intanet. Yaro ya rubuta da kansa: me ya sa wannan fanni, me ya taɓa yi a kai, ko da ƙungiyar kimiyya ce ta makaranta ko koyar da ƙanne a Islamiyya. Aikin malami gyaran nahawu ne kawai, domin a wajen ganawa za a tambayi yaron abin da ya rubuta.

Masu son ilimin addini su duba Jami'ar Musulunci ta Madina ta shafin Study in Saudi. Akwai kuma tallafin Gidauniyar Mastercard a Jami'ar Ashesi ta Gana, ga shi kusa da gida.

Malam Yusuf, Barnawa:
Bari in ƙara da Amurka. Can jami'a ce ke ba da tallafin da kanta. Akasari ana nema ta Common App, shafin neman gurbi a jami'o'i da yawa, wanda ke buɗewa 1 ga Agusta. Zagayen farko na karɓar takardu yakan rufe 1 ga Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu. Ana buƙatar rubutu da bai wuce kalma 650 ba, wasiƙun shaida daga malamai, da bayanin kuɗin shigar iyaye ta fom ɗin CSS Profile ko wanda jami'ar ta bayar. Malamin da ke kula da ɗalibai zai iya tabbatar da cewa yaro ba shi da hali a yafe masa kuɗin cikewa. Jami'o'in Harvard, MIT, Princeton da Amherst ba sa duba talaucin mai nema kafin su ɗauke shi, sai dai gasar ta yi tsanani, don haka kada yaro ya tsaya kan su kaɗai. Wasu jami'o'in na neman jarrabawar SAT, wadda makinta ke tsayawa a 1600. A fara shirinta tun hutun ƙarshen SS2.

Ofishin EducationUSA da ke ofishin jakadancin Amurka a Abuja na ba da shawara kyauta. A tambaye su halin da biza take ciki kafin a kashe ko kwabo, don dokokinta na yawan sauyawa.

Malam Sani, Kawo:
Gaskiya ne Malam Yusuf. Kuma Malama, ki ja kunnen iyaye: duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbi, a guje shi. Kowane yaro ya buɗe imel da sunansa, ya riƙe lambar sirrinsa da kansa maimakon barinta a shagon kwamfuta, don ta nan gayyatar ganawa ke zuwa. Ya kuma rubuta JAMB tare da sauran 'yan ajinsu, saboda amsar waje kan kai tsakiyar shekara ba ta fito ba.