Maki biyar ɗina a kan 3x − 2y = 6

Ɗan Aji Biyar: Jama'a, raina a ɓace yake. A gwajin jiya an ba mu 3x − 2y = 6, aka ce in an zana layinsa, tsakanin inda ya yanke layin x (na kwance) da inda ya yanke layin y (na tsaye), wanne ya fi girma. Na sa y = 0 na samu x = 2, na sa x = 0 na samu y = −3. Na ƙirga a zanena, gida uku ƙasa, gida biyu dama, na ce na y ya fi. Malaminmu ya shata jan biro, ya cire maki biyar. Wallahi zalunci ne.

Malamin Lissafi: Ƙanena, −3 tana ƙasa da sifili. Mai bashin naira uku bai fi mai naira biyu a aljihu ba.

Yayar Gida: Malam, ai "girma" aka ce. Rijiya mai gaba uku ta fi katanga mai gaba biyu, ko da ƙasa ta nufa.

Malamin Lissafi: Wannan nisa ne daga tsakiya, Hajiya. Nisa daban, girma daban.

Yayar Gida: A Hausar wa? Ku malamai dama ba kwa ganin laifin junanku.

Ɗan Maraɗi: Ruɗanin daga yadda kuke rubuta lissafin layi yake, y = mx + c ɗinku. Mu y = ax + b aka koya mana, kuma b, wato inda layin ya yanke y, a nan −3 ce, magana ta ƙare. Descartes, masanin lissafin da ya kawo tsarin zana lissafi da x da y a 1637, ai Bafaranshe ne.

Bakano: To sai me? Da Alkawarizmi bai rubuta aljabara a Bagadaza ba, me Bafaranshen zai ɗora a kan zane? Komai sai kun jingina wa Faransa.

Ɗan Maraɗi: Ɗan'uwa, ka janye wannan maganar.

Ɗan Aji Biyar: Don Allah, makina fa?

Shugaban Zaure: Na rufe. Shekara goma sha biyu ina riƙe da alli, kuma abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda 2 ta fi −3, malamin yaron bai yi kuskure ba. Masu maganar rijiya ba su kawo hujja ba. Wanda ya sake kiran malami azzalumi zan cire shi.