Neman shawara: in yi furojet ɗina a kan kwamfutar kwantum?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗalibi ne ni a ajin ƙarshe, ina karanta fiziks a Birnin Kebbi. Tun da na ji labarin Willow, na'urar kwantum (wato mai lissafi da dokokin fiziks na ƙananan ƙwayoyin zarra) mai kyubit 105 (kyubit shi ne ƙwayar bayanin da take lissafi da ita) da Google ya fitar a Disambar 2024, abin ya kwanta mini a rai, har ina son furojet ɗina ya kasance a kai. Amma yayana, wanda shi ke biya mini kuɗin makaranta, ya ce in rabu da abin da ko a Amurka bai fara ciyar da kowa ba. Laftof ɗina ma tsohuwa ce. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani malamin lissafi daga Gusau:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka raina maganar yayanka, akwai gaskiya a ciki. Kyubit abu ne mai tsananin rauni, ɗan zafi ko girgiza kaɗan sai lissafin ya ɓaci, shi ya sa ake sanyaya na'urar har kusan digiri 273 ƙasa da sifili. Abin da ya sa Willow ya yi suna ya wuce maganar sauri. A da, in an ƙara yawan kyubit sai kurakurai su ƙaru. Masanan Google kuwa sun haɗa kyubit da yawa suna tsaron juna, daga jerin 3 sau 3 zuwa 5 sau 5 zuwa 7 sau 7, kuma kowane mataki kuskuren ya ragu da kusan rabi. Babban ci gaba ne, amma har yanzu a ɗakin gwaji ake.

Zancen laftof kuwa kada ya dame ka. IBM na barin kowa ya aika aiki zuwa na'urorinsa na kwantum ta intanet, kyauta na ɗan lokaci, ta hanyar manhajar Qiskit da ake rubutawa da Python, wani yaren rubuta manhaja. Lissafin matiris ne zai wahalar da kai, ka koma masa tun yanzu.

Wata mai aikin tsaron kwamfuta:
Ni ta ɓangaren abinci zan yi magana, tunda nan hankalin Yaya yake. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantum za ta iya ɓalle RSA, irin makullin da ke tsare sirrin bankuna. Ba a ƙera ta ba tukuna, amma ana fargabar masu tara bayanan mutane yau su jira ranar buɗewa. Saboda haka a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin makullai guda 3 da aka tsara don kada kwamfutar kwantum ta iya ɓalle su, kuma manhajojin aika saƙo irin su Signal da iMessage sun riga sun fara sauyawa. Bankunanmu ma dole su bi. Ka yi furojet a kan wannan, tsohuwar laftof ta isa, kuma aiki ne da za a nema.

Wani malamin gona daga Argungu:
Mu manoman shinkafa taki ne damuwarmu. Yuriya sai da zafi sama da digiri 400 da matsi mai yawa ake haɗa sinadarinta, alhali ƙwayoyin bakteriya da ke saiwar wake da gyada suna janyo naitirojin daga iska ba tare da wuta ba. Masana na fatan kwamfutar kwantum ta fayyace yadda suke yi. Allah Ya nuna mana, amma kada ka je ka ce wa yayanka taki zai yi arha baɗi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Shawarar Anti zan kai wa Yaya ranar Juma'a in na je Jega. Malam, Python zan fara koya ko lissafin matiris?