Masu mashin mai caji a Kaduna, ku ba mu labari

Malam Sani, Kawo: Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, rabin albashina a gidan mai yake ƙarewa. Ina tunanin sayar da Boxer ɗina in cika kuɗi in ɗauko mashin mai caji. Zirga-zirgata Kawo zuwa Kakuri ce, sai kai yara makaranta. Don Allah wanda ya hau da kansa ya yi magana, ban da 'yan an ce.

Baban Ummi, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai alhamdu lillahi. Batirina mai volt 72 ne, kafin ya cika yana shan wuta wajen yunit uku. Ko a Band A, rukunin da aka fi ba wuta kuma ya fi tsada, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, bai fi naira ɗari shida da 'yan kai ba, kuma yana yi mini yawon wuni guda a cikin gari. Ka kwatanta da fetur da ya haura dubu a ƙarshen 2024. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wanke kafireto. Taya da birki kawai nake dubawa.

Abba, Rigasa: Baba, kai a Unguwar Rimi kake, shi ya sa. Mu nan sai a kawo wuta ƙarfe biyun dare, kafin asuba an ɗauke, alhali batirin yana son awa biyar zuwa shida. Lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro a Oktoban 2024, Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, mashin ɗina a zaure ya zauna kamar tunkiyar layya. Ƙarshenta shagon mai janareta na riƙa kai batirin ina biya. Wato fetur ɗin da na gudu shi na koma saya ta bayan gida.

Injiniya, Barnawa: Malam Sani, kafin ka tambayi kuɗin mashin, tambayi wane irin batir ne a ciki. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma, mai nauyi da araha, wanda in ana zuƙe shi har ƙasa kullum da wuya ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu. Akwai litiyam, mara nauyi, mai juriya, amma shi kaɗai yana iya cin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mashin ko fiye. Don haka ribar da Baban Ummi ke lissafawa ba duka ba ce tasa, wani kaso kuɗin batir na gaba ne. A riƙa ware shi gefe. Sannan kilomitan da dillali zai faɗa maka, da mutum ɗaya mara jiki aka auna a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ka ɗora yara biyu da buhun masara, ka ga yadda cajin ke zubewa. Zafin Maris da Afrilu ma yana tsufar da batir, kar a bar shi a rana, kar a jona shi yana da zafi daga dawowa, kuma kar a yi masa aron caja.

Maman Hanif, Tudun Wada: Na maigidana ne. Abin da na fi so, ba ya tayar da yara in ya fita asuba. Abin da ba na so shi ne dai wannan shirun. A Kasuwar Barci mutane da kunne suke kauce wa mashin, in bai danna hon ba babu mai matsawa. Kuma na hana a yi cajin a ɗakin da muke kwana.

Oga Ɗanladi, Panteka: Ni gyaran mashin ne sana'ata, bari in faɗi tawa. Boxer ko roba-roba, ko a ƙauyen da babu wuta ya lalace za ka samu mai kwance shi. Wannan kuwa in kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar batirin, ta ƙone, sai mu tsaya muna kallon juna har a aiko da ita daga Legas ko Kano. Yawancin waɗanda ake kawo mini, ruwa suka shiga da damina. Yayyafi ba komai, amma in ruwa ya kai cibiyar tayar baya, inda injin lantarkin yake a yawancinsu, a juya. In ka tashi sayarwa ma sai a taya maka a wulaƙance, don mai saye bai san sauran kwanan batirin ba.

Malam Sani, Kawo: Na gode ƙwarai. To zuwa Zariya fa? Nakan je gaida Hajiya ƙarshen wata.

Injiniya, Barnawa: Wajen kilomita 80 ne, kuma gudun babban titi ya fi komai shan batir. Za ka iya tsayawa a Jaji kana neman soket. Ranar Zariya ka shiga mota a tashar Kawo.

Abba, Rigasa: Kuma kafin ka sayar da Boxer ɗin, Malam, ka yi wata guda kana rubuta awa nawa wuta ke kwana a layinku. In akwai sola a gidan, ko a wajen aikinka za su bar ka ka jona, to bismillah.