Me za mu kira alajin ƙarfen da ake saka wa mutum a gwiwa?

Jama'a a taimaka da kalma dan Allah. Gwaggona aka canza wa gwiwa bara, har yanzu wajen yana kumbura yana mata zafi ga wasu ƙuraje da suka feso gefen ɗinkin, an ɗebi jini an zuƙi ruwan gwiwar ba a ga ƙwayar cuta ba, shine likita ya ce ƙila alajin ƙarfe ne. Ta juyo ta ce min "ɗan nan wane Alhajin kuma?" Wallahi sai da na fita waje na yi dariya.

Abin da ake nufi dai, ƙarfen dashen nan haɗi ne, yawanci kobal da kuromiyom da ɗan nikel a ciki, shi nikel ɗin ya fi fitina, shine wanda ke sa kunnen mata ƙaiƙayi yana ruwa in sun sa ɗan kunne mai araha, ko kan bel ya ci wa mutum fata ƙasan cibiya. Wasu garkuwar jikinsu ke ɗaukarsa abokin gaba.

Wani ɗan uwa ya ce a kira shi tsatsa. A'a malam, tsatsa laifin ƙarfe ne, nan kuwa ƙarfen lafiyarsa ƙalau, jiki ne ya ƙi shi. Kuma ka ce wa tsohuwa gwiwarta ta yi tsatsa ai ba za ta ƙara barci ba.

Wata baiwar Allah ta kawo borin jini, wannan kam ya matso kusa, don shi muka sani in mutum ya ci abu jikinsa ya yi rudu-rudu. Matsalar borin jini nan take yake tasowa ya lafa, na ƙarfe kuwa a hankali yake zuwa, ko gwajinsa ma sai an manna maka 'yan faci a gadon baya awa 48 ba ka jiƙa wajen ba, a cire a duba, ka sake komawa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Akwai mai cewa "jininta bai haɗu da ƙarfen ba", yana da daɗin baki sosai, a hira ni ma shi zan faɗa, amma ba ya zama suna a rubuta a kati.

Toh ni dai na tsaya kan borin ƙarfe. Masu cewa za a zata na aljanu ne, ai borin jini ma ba wanda ya taɓa kiran mai garaya a kansa. Na gwada wa Gwaggo jiya, ta yi shiru sannan ta ce ashe shi ya sa tun tana budurwa in ba zinari ba kunnenta ba ya ɗauka, kuma ba wanda ya tambaye ta kafin aikin. Ta ce in faɗa wa likita kafin a taɓa ɗaya gwiwar, tunda akwai dashen da ake yi da wani ƙarfe daban mai suna taitaniyom.