Sharaɓar yayana ta ƙara girma, amma ƙafar babu ƙarfi

Assalamu alaikum. Yayana manomi ne a Argungu. Ciwon baya ya daɗe yana sauko masa ta cinya har tafin ƙafar hagu. Yanzu sharaɓar ta fi ta dama girma, ga tauri, amma ya kasa ɗaga dunduniya ya tsaya kan yatsu. Da dare tsokar motsi take da kanta, tana murɗewa.

An duba jijiyoyin jini, babu gudan jini. Ya sha maganin kumburi, an yi ƙaho, duk shiru. Likita ya ce wataƙila ƙashin baya ne ya danne jijiyar S1, wato jijiyar da ke fitowa daga ƙasan baya ta sauka ƙafa, sai MRI (hoton cikin jiki) da gwajin EMG (na auna aikin jijiya da tsoka) su tabbatar. Kuɗin ɗaya kawai muke da shi. Don Allah, wanne za mu fara yi?