Ƙurajen ƙeya bayan aski: wa ya taɓa fama da su, kuma me ya yi?

Ɗan Fagge:
Slm 'yan uwa. Dan Allah duk wanda abin nan ya taɓa samu ya ba ni labari. Daren ƙaramar Sallah na je aski, kun dai san yadda shago yake cika a wannan daren, sai wajen ƙarfe ɗaya layi ya zo kaina, kuma tun da na zauna ina kallo mai askin bai wanke kilifa ko sau ɗaya ba, daga wannan kai sai wancan, burushi kawai yake ɗan kaɗa mata. Na ce ya yi min saisaye ya kwashe ƙeya sosai. Kwana uku sai ga ƙuraje ƙanana sun feso min a ƙeya, ga ƙaiƙayi, in na sa hula ko wuyan riga ya goga sai zafi. Yanzu an shiga wata na biyu, duk sanda na sake aski sai su ƙaru, wasu har sun fara tauri. Wlh abin yana damuna.

Na Tudun Wada:
Wslm. Ɗan uwa ka tsaya ka ji nawa kar ka bi hanyar da na bi. Haka nawa suka fara ina makarantar kwana, mu kusan talatin kilifa ɗaya muke amfani da ita a ɗaki. Ba irin shawarar da ban ɗauka ba, wani ya ce man juye, wani ya ce man birki, wani ya ce in goga lemon tsami da kanwa, daga ƙarshe wani ya ba ni ruwan batir ya rantse min cewa shi ne ya warkar da yayansa. Na ɗiga. Wlh fatar ta ƙone ta saluɓe, na yi sati biyu ban iya kwanciya rigingine ba, da ta warke kuma sai wurin ya haɗe ya zama tudu guda mai sheƙi, gashi bai sake fitowa a kai ba har yau shekara goma sha ɗaya. Sai da na je wajen likitan fata aka riƙa yi min allura a cikin tudun kansa sannan ya ɗan kwanta ya daina ƙaiƙayi, amma ya faɗa min gaskiya cewa da tun suna ƙanana na zo da ba a kai nan ba. Yanzu ko zafi ake kamar me ba na iya fita ba hula. Dan girman Allah kar ka sa komai na gareji a kanka.

Mai Shagon Aski:
Ni sana'ata ce, shekara tara ina yi a Kaduna, bari in faɗi namu laifin in faɗi naku. Namu shi ne daren Sallah gsky da yawanmu ba ma tsaftace kaya yadda ya kamata, ana ƙona fetur a janareta, mutum ashirin na jira kowa na cewa maigida yi sauri. Fesa sifirit ɗin nan a kyasta masa wuta na daƙiƙa biyu bai isa ba, dole sai an kwance bakin kilifar an fitar da gashin da ya maƙale a ciki an jiƙa shi a magani na ɗan lokaci. Naku kuma shi ne son layi mai kaifi. Mutum zai zauna ya ce a fitar masa da gyaran fuska kamar an ja da rula, to don a samu haka sai mun matso da haƙoran kilifa sun daidaita, wani ma har wasa su yake, ita kuwa irin wannan tana yankar fata ko ba ka ga jini ba, balle in ta yi zafi don an daɗe ana aiki da ita. Duk kwastoman da na ga ƙeyarsa ta fara ƙuraje ba na yarda in kai masa ƙasa, sai in sa wa kilifa takalmi, robar nan da ake maƙala mata a baki, lamba 1 ko lamba 2, wato gashi ya rage kamar milimita 3 zuwa 6, reza kuwa ko ya roƙe ni ba na sawa a wurin. Wasu fushi suke su tafi wani shagon.

Baban Yara:
Ni ba a kaina ba ne, yarana ne. Maza uku gare ni, na kai su askin komawa makaranta, bayan kamar sati biyu sai ƙaramin ya fara susa, muka duba muka ga wuri zagaye fari-fari gashin ya kakkarye, makero dai. Kafin mu farga ya shafa wa sauran biyun don matashi ɗaya suke kwana a kai, mataji ma ɗaya. Uwarsu ta yi ta shafa man kemis kusan wata guda ba canji, da muka je asibiti aka ce na kai ba ya jin na shafawa kaɗai saboda abin yana cikin gashin ne, sai an haɗa da na sha, suka sha griseofulvin sati shida sannan ya mutu. Tun daga nan na sayi kilifa mai caji a kasuwar Sabon Gari, duk ranar Alhamis da yamma ni nake musu a tsakar gida. Ban iya kwalliya ba, saisaye ne kawai, amma shekara biyu ke nan ba mu sake gani ba.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan ma haka ne. Ni da tawa kilifar nake zuwa wajen mai aski a cikin 'yar jaka, da burushina da tawul, ina biyan kuɗin aiki cikakke. Da farko ya ji haushi ya ce ko ƙazami na ɗauke shi, na ce a'a fatata ce ba ta da ƙwari. Yanzu mun fi mu biyar masu zuwa da tasu.

Malam Dattijo:
Yaro Allah ya ba ka lafiya. Ni na haura sittin kuma har gobe wanzami ke yi min aski, tal kwabo, duk sati biyu ranar Juma'a da safe. Tun mahaifinsa na zuwa gidanmu da zabira yana wasa aska a jikin fata muke tare da gidansu. Abin da na lura shi ne wanzami ba ya ɗora ƙarfe a busasshen kai, sai ya jiƙa da ruwa ya murza ya murza gashi ya yi laushi tukuna, ku kuwa a bushe ake kankare muku. Amma ba zan ɓoye ba, tun da na je aikin Hajji na ga yadda masu aski a Mina suke ɓare wa kowa sabuwar reza a gabansa, da na dawo na ce wa nawa shi ma haka za mu riƙa yi. Bai musa ba, yanzu askarsa irin mai cin reza ce, ya gama ya cire ya jefar.

Nas daga Jos:
Ɗan Fagge yadda ka kwatanta, tunda a ƙeya ne kuma sun fara tauri, ka je a duba ka yanzu. Mu masu nannaɗaɗɗen gashi in aka yanke shi ƙasa sosai, wajen tsirowa yakan lanƙwasa ya soki fata, wurin ya kumbura, in ƙwayar cuta ta samu shiga ya yi ruwa, in aka ci gaba da kankarewa a kai shi ne yake zama irin tabon da Na Tudun Wada ya faɗa. Wannan ba lallai daga kan wani ka ɗauko ba, makero shi ne wanda ake ɗauka daga kan wani. Ni kaina na yi su a gemu, da na bar reza na wata uku suka baje. Abin da ya fi tsaya min a rai game da ƙarfen da aka yanki wani da shi shi ne ciwon hanta nau'in B, ƙwayar tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini, kuma akwai rigakafinta allura uku cikin wata shida, ni na yi, duk wanda bai yi ba ya je a gwada shi ya yi.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wlh jiya-jiyan nan wani abokina ya kawo min man birki a 'yar kwalba, yana nan a kan taga ban taɓa ba, yanzu zan zubar. Na je asibiti da safen nan an ba ni na shafawa da na sha, an ce kar ƙarfe ya taɓa ƙeyar sai na koma bayan sati huɗu, kuma in rage sa riga mai tsayayyen wuya. Mai Shagon Aski dan Allah wace irin kilifa kake gani zan saya, Wahl mai waya ko irin Kemei mai caji? Unguwarmu wuta ba ta zama.

Mai Shagon Aski:
Tunda kai kaɗai ne ɗauki mai caji ta ishe ka, ka dai tabbatar da takalmanta a cikin kwalin kafin ka biya, ka riƙa ɗiga mata mai bayan kowane aski. In ka je shago ka ce masa kar ya taɓa saitin haƙoran.